Na sayo sabuwar soyayyar gahawa, amma tsami nake ji

Baban Hafsa, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar gahawa. Shekara da shekaru Nescafé nake sha da madara da sukari, kamar yadda yawancinmu muka taso muna gani a teburin mai shayi. Watan jiya wani abokin aikina ya ba ni kofi ɗaya na gahawar da ya niƙa da hannunsa a ofis, kuma tun daga ranar ƙamshinta bai bar ni ba. Saboda haka na yi odar leda ɗaya mai giram 250 daga wani mai suyar gahawa a Abuja, direban mota ya kawo mini ita tasha. A jikin ledar an rubuta Habasha, yankin Yirgacheffe, an kuma rubuta ranar da aka soya ta, wadda ba ta wuce kwana uku da ranar da ta iso hannuna ba. Na daka ta a turmi, na zuba mata ruwan zafi, na tace da rariyar shayi, sai na ji tsami kamar an matsa lemon tsami a ciki, ba ɗacin nan da na sani. Kuɗin da na biya ba kaɗan ba ne. Shin lalatacciya aka sayar mini, ko kuwa ni ne ban iya haɗawa ba?

Injiniya, Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam Baban Hafsa. Kada ka zubar da ita, kuma kada ka yi saurin zargin mai suyar. Abin da ka kwatanta ya fi kama da gahawar da ruwa bai gama fitar da abin da ke cikinta ba. Idan ruwan zafi ya sauka a kan garin gahawa, tsamin ne yake fara fita, sannan zaƙi ya biyo baya, ɗaci kuma shi ne na ƙarshe. Duk wanda garinsa ya yi tsaki-tsaki, ko ruwansa ya huce, ko ya yi gaggawar tacewa, to tsamin kawai zai kwasa ya bar zaƙin a cikin tuƙar da zai zubar. Dakan turmi kuwa ba ya fitar da gari daidai wa daida, wani ya yi lilis wani ya tsaya ɓarzajje, shi ya sa ake samun tsami da bauri a kofi guda.

Ga abin da zan so ka gwada gobe da safe. Ka auna giram 15 na gahawa ga ruwa giram 250, wato kusan giram 60 ke nan ga lita ɗaya. Ka tafasa ruwan, ka sauke shi, ka ba shi kamar rabin minti, domin zafin da ake so yana tsakanin digiri 90 da 96, kuma gahawar da ba a soya ta ta yi duhu ba ta fi son ɓangaren sama na wannan zafin. Ka zuba, ka motsa sau ɗaya, ka rufe na minti 4 cif kafin ka tace. Sannan ka sani kwana uku bayan suya ya yi kusa. Ƙwayar gahawa tana ci gaba da fitar da iskar kabon da ta taru a cikinta lokacin suya, kuma wannan iskar tana ture ruwa daga jikin garin. Ƙaramin maɓallin da ka gani a jikin ledar an sa shi ne don iskar ta fita ba tare da ta waje ta shiga ba. Ka ba ta mako guda zuwa kwana goma, za ka ji ta sauya.

Dattijon Daura:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta abin da Injiniya ya rubuta kuma na yaba da iliminsa, amma ina da ja. Mu a gidanmu mun gaji gahawa, ba jiya muka san ta ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi zaman Sudan a kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji ta ƙasa, kuma da ya dawo ya zo da jabana, wato butar dafa gahawa irin tasu, da ƙananan kofuna. Ana soya ta har ta yi baƙi, a daka ta da citta, wani lokaci a jefa kanumfari, a dafa ta a kan gawayi, a sha da dabino bayan sallar Asuba. Ba a taɓa auna ta da sikeli ba, kuma ban taɓa jin baƙo ya ce ta yi masa tsami ba. Gahawar da za ta sa mutum ya biya kuɗi mai yawa sannan a ce masa ya jira kwana goma, ya kuma koyi son tsami, ni a ganina an juya abin ne. Abin sha shi ya kamata ya bi harshen mai shansa.

Injiniya, Ƙofar Marusa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ban raina gahawar jabana ba, ni kaina idan na samu ba na wuce ta. Bambancin yana wajen abin da ake nema ne. Suya mai duhu tana ƙone yawancin ɗanɗanon da ƙwayar ta zo da shi daga gona, ta bar ɗanɗanon wutar, shi ya sa take karɓar citta da kanumfari sosai, kuma shi ya sa ba a damuwa da daga wace gona ta fito. Ita kuwa wadda ake kira gahawa ta musamman, ana biyan kuɗinta ne saboda ɗanɗanon gonar. Akwai ƙungiyar duniya ta masu wannan harka, SCA, wadda tsohon ma'auninta ya yi fice: ƙwararrun masu ɗanɗano su ba gahawa maki a kan 100, kuma sai wadda ta kai 80 ake kiranta ta musamman. Kafin a kai ga ɗanɗanon ma ana ɗibar giram 350 na ɗanyar ƙwayar a tsince ta, a ƙirga baƙaƙe da masu tsutsa da fasassu. Idan mutum ya sayi irin wannan ya soya ta ƙurmus, ya yi kamar wanda ya sayi zuma farar saƙa ya dafa ta har ta koma maɗi.

Dattijon Daura:
Wannan misalin na zuma ya shige ni, na karɓa. Amma har yanzu ina nan a kan cewa bai kamata a sa wa yaro jin cewa abin da iyayensa suka sha ƙasƙantacce ba ne. Gahawa ta shigo duniyar Musulmi ne ta hannun Sufaye na Yaman a ƙarni na 15, suna shanta don su iya raya dare da zikiri, kuma daga tashar jirgin ruwa ta Mokha ta bazu. Har a Makka an taɓa hana ta a shekarar 1511 kafin a janye hanin. Turawa daga baya suka same ta. Ina faɗar wannan ne don kada sikeli da agogo su sa mu ɗauka cewa baƙon abu ne ake koya mana.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Baba ya yi gaskiya a kan tarihi, kuma Injiniya ya yi gaskiya a kan haɗi, ni kuma ina so in yi magana a kan suyar kanta, domin shekara shida ke nan ina soya tawa a gida. Na koya ne a wajen wata maƙwabciyata 'yar Habasha lokacin da muke zaune a Jidda. Su a al'adarsu a gaban baƙo ake wanke ɗanyar ƙwayar, a soya ta, a zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, a daka, a dafa a tulun yumɓu mai dogon wuya, a sha zagaye uku ana turaren wuta da gugguru a gefe. Wato su ba sa jiran kwana goma, kuma gahawarsu tana da daɗi, saboda dafawa a tulu tana ba ruwa isasshen lokaci. Jiran da Injiniya ya ambata ya fi shafar masu tacewa da takarda.

Yadda nake yi shi ne, ina ɗora kaskon ƙarfe mai kauri a kan gawayin da ya riga ya zama garwashi, in zuba ƙwayar da ba ta fi cikin tafin hannu uku ba, in riƙa juyawa da cokalin katako ba tsayawa. Da farko tana kore-kore, sai ta koma rawaya tana ƙamshi kamar na burodi, sai ta fara yin ja. Wajen minti 8 zuwa 10 za a ji ta fara fashewa ɗaya bayan ɗaya kamar gugguru. Daga wannan fashewar ta farko gahawa ta zama abin sha, kuma abin da ya rage zaɓin mai suya ne. Wanda ya sauke bayan minti ɗaya ko biyu zai samu mai haske, mai ɗan tsami da ƙamshin fure. Wanda ya bari har ta yi fashewa ta biyu, mai ƙaramin sauti, mai ya fito a jikinta tana sheƙi, ya samu irin wadda Baba ya kwatanta. Ina juye ta a faifai nan take in sheƙe ta a iska, ƙaiƙayin ya tafi, ita kuma ta huce da wuri, domin idan aka bar ta a tare tana ci gaba da soyuwa da zafin jikinta. Ku sani tana raguwa a nauyi, kilo ɗaya na ɗanya ba ya ba da kilo ɗaya na soyayya, yakan tsaya wajen giram 850 ko ƙasa da haka idan an yi duhu.

Baban Hafsa, ka tambayi uwargida ko turmin da ka daka a ciki shi ne na yaji da daddawa. Gahawa tana kwasar wari fiye da yadda ake zato. Ni na ware mata ƙaramin turminta tun kafin in samu injin niƙa na hannu.

Baban Hafsa, Ƙofar Ƙaura:
Hajiya, wallahi turmin yaji ne, an dai wanke shi an shanya. Allah ya saka da alheri, wannan ban taɓa kawo shi a raina ba.

Abu Maryam:
Ina da tambaya ga masu saye daga nesa. Me ya sa kullum Habasha da Kenya muke ambata, alhali a ƙasarmu ma ana noman gahawa? Na yi bautar ƙasa a Gembu, a kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, kuma na ga bishiyoyin gahawa irin Arabika a bayan gidajen mutane, 'ya'yansu jajaye kamar magarya ta nuna. Wurin yana da tsawo da sanyin da Arabika take so, shi ya sa ganyen shayi ma yake yi a Kakara. Cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke Ibadan, wadda gahawa take cikin amfanin gonar da aka ɗora mata, tana da reshe a can. A kudancin ƙasar kuma Robusta ce aka fi nomawa, wadda ta fi ɗaci kuma sinadarin da ke hana barci a cikinta ya kai kusan ninki biyu na Arabika. Idan za mu kashe kuɗi, ina ganin manomin Mambila ya fi cancanta da su.

Injiniya, Ƙofar Marusa:
Abu Maryam, na sayi ta Mambila sau uku. Ɗaya ta yi daɗi ƙwarai, tana da zaƙi kamar na rake da ɗan ƙamshin gyaɗa soyayya, biyu kuma suna da warin ƙasa da na ruɓa. Matsalar ba daga bishiyar take ba, daga abin da ake yi bayan tsinka ne. Idan aka haɗa nunannu da ɗanyu a tsinka ɗaya, aka shanya a ƙasa inda raɓa take sauka, ko aka zuba a buhu kafin ta bushe sosai, babu mai suyar da zai iya gyara ta. Hanyoyin sarrafawa da aka fi sani biyu ne. Akwai wankakkiya, wadda ake bare ɓawon a jiƙa ƙwayar har yauƙin jikinta ya saki, a wanke a shanya, kuma ita ce take fitowa da ɗanɗano tsaf mai tsami mai daɗi. Akwai kuma wadda ake shanyawa da ɓawonta har ta bushe, kamar yadda aka saba a Harar da Yaman, wadda take fitowa da zaƙi mai nauyi kamar na ɗinya ko dabinon da ya nuna sosai. Duk mai sayar da ta Mambila da zai iya faɗa maka ƙauyen da ta fito, da wace hanya aka bi, da lokacin da aka tsinke ta, to ka saya ka gwada. Wanda bai san ko ɗaya ba, a kasuwa ya auno ta kamar kowa.

Alhaji Mai Kanti, Babbar Kasuwa:
Ni ɗan kasuwa ne, bari in yi maganar kuɗi. Na taɓa sayen wata a wani babban shago a Kano, leda mai kyau da hoton tsauni, an rubuta cewa tana da shekara guda kafin ta lalace. Da na buɗe ba ƙamshi, na haɗa ta fito lami. Na ji zafin abin, domin ni kaina ba na sayar wa mutum tsohon kaya in ce masa sabo ne. To ta yaya mai saye zai gane, tunda ba a buɗe masa ledar a shago?

Maman Sadiq:
Alhaji, ranar lalacewa ba ita ce abin dubawa ba, ranar suya ake nema. Gahawa ba ta ruɓewa ta cutar da mutum don ta yi wata takwas, ƙamshinta ne kawai yake tafiya ya bar ɗaci. Duk ledar da ba a rubuta ranar suya a jikinta ba, ni ba na saye. Kuma ka sayi ƙwaya, kada ka sayi niƙaƙƙiya, saboda gari yana rasa ƙamshinsa da sauri ƙwarai fiye da ƙwaya. A zafin Katsina na watan Maris da Afrilu, lokacin da rana take kaiwa digiri 40, ba na sayen fiye da abin da zan shanye a mako uku ko huɗu. Ina ajiye ta a cikin ledarta, in matse iskar in naɗe bakin, in sa a kwalba mai murfi a cikin ɗakin da ya fi sanyi. Ba na sa ta a firij, domin da an ɗauke wuta sai gumi ya kwanta mata, ga kuma warin miya da albasa. Akwai gwaji mai sauƙi idan ka kai gida: ka zuba ruwan zafi kaɗan a kan garin. Sabuwa za ta kumbura tana kumfa kamar ƙullun da ya tashi, tsohuwa kuwa za ta kwanta shiru.

Alhaji Mai Kanti, Babbar Kasuwa:
Na gode Hajiya. Idan giram 15 ne kofi ɗaya, leda mai giram 250 kofi 16 ke nan da ɗan ragowa. Kowa ya raba kuɗin ledarsa gida 16 ya ga ko aljihunsa zai ɗauka. A lissafina, kuɗin mota daga Abuja ko Legas ne yake ƙara mata tsada, don haka da mutum biyar za su haɗu su yi oda ɗaya, da an samu sauƙi.

Abu Maryam:
Ban ga wanda ya yi maganar ruwa ba, alhali kusan dukan abin da ke cikin kofin ruwa ne. Ruwan rijiyar burtsatsen unguwarmu yana barin farin abu a gindin buta, kuma da shi gahawa takan fito a dushe. Da na koma ruwan gora sai ɗanɗanon ya buɗe. Wanda ruwan famfonsa yake warin magani shi ma ya gwada wani ruwan kafin ya yanke wa gahawar hukunci.

Baban Hafsa, Ƙofar Ƙaura:
'Yan'uwa, na dawo da rahoto bayan kwana takwas. Na ari injin niƙa na hannu a wajen abokin aikina, na sayi ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare, na yi amfani da ruwan gora, na bi awo da lokacin da Injiniya ya faɗa. Tsamin yana nan, amma ba irin na farko ba ne. Wancan yana kama gefen harshe ya sa mutum ya yamutsa fuska, wannan kuwa yana tafe da zaƙi, kamar zoɓon da aka sa wa sukari daidai, kuma da kofin ya ɗan huce sai na ji ƙamshi kamar na furen lemo. Na sha ba madara ba sukari, abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Sai dai in faɗi gaskiya, uwargida ta ɗanɗana ta ce ita shayi ne wannan ba gahawa ba, ta fi son mai ɗaci da kauri. Saboda haka maganar Baba na Daura tana nan da ƙarfinta a cikin gidana.

Dattijon Daura:
Alhamdu lillahi da kuɗinka bai tafi a banza ba. Ka gaida maiɗakinka, ka ce mata akwai dattijo a Daura da yake bayanta. Amma yadda ka kwatanta furen lemon nan ya sa ni son in ji da harshena, domin ban yarda in yi ta musu a kan abin da ban ɗanɗana ba.

Injiniya, Ƙofar Marusa:
To Baba, ga shawara. Masu wannan harka suna da hanyar ɗanɗano da ba ta buƙatar wata na'ura, kofuna da cokula kawai. Ana jera kofuna iri ɗaya, a zuba wa kowanne giram 8.25 na gari ga ruwa mililita 150, a shaƙi ƙamshin garin tun yana bushe, a zuba ruwan, a jira minti 4. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama, sai a kai hanci kusa a fasa shi da bayan cokali, domin a lokacin ne ƙamshi yake fita gaba ɗaya. A kwashe kumfar, a bari ya huce kaɗan, sannan kowa ya ɗiba da cokali ya zuƙa da ƙarfi yadda zai watsu a baki, a wanke cokalin a ruwan zafi kafin a koma kofi na gaba. Amfanin jerawa shi ne harshe yana gane bambanci idan abu biyu suna kusa da juna fiye da idan mako guda ya raba su. Ina da ta Kenya wankakkiya da aka soya kwana tara da suka wuce. Baban Hafsa ya kawo ragowar ta Habasha, Abu Maryam ya nemo mana ta Mambila, mu rufe sunayen da takarda kada suna ya ja ra'ayin kowa.

Maman Sadiq:
Ni ba zan samu zuwa ba, amma zan soya kashi biyu daga ɗanya guda ranar Talata, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu, in aiko Sadiq da su. Ta haka za ku ji abin da wuta kaɗai take sauyawa. Ina roƙon a rubuto mini abin da kowa ya ji a kowane kofi kafin a buɗe sunayen.

Dattijon Daura:
Zan shigo Katsina ranar Asabar in sha Allahu, dama ina da ziyarar ɗan'uwa a Ƙofar Soro. Zan taho da jabanar mahaifina da citta da dabino, a sa tawa a ƙarshen layi bayan an gama da na cokali, saboda idan citta ta riga ta hau harshe ba za ku ji furen lemon ba. A sa lokacin bayan La'asar, domin idan na sha bayan Magariba ba na samun barci.

Baban Hafsa, Ƙofar Ƙaura:
An tsayar, Asabar bayan La'asar a zauren gidana. Ni zan tanadi gawayi da ruwan gora da kofuna goma sha biyu iri ɗaya. Injiniya ya zo da sikeli da injin niƙa, Alhaji kuma ya zo da takarda mu rubuta sunayen masu son shiga odar haɗin gwiwa ta wata mai zuwa. Wanda bai san gidan ba ya yi mini magana ta gefe in kwatanta masa.